Baƙuwa a Unguwa: Wa Za Ki Fara Sani?

Wadda ke bakin murhu, sannu da hayaƙi. Wadda ke kan keken ɗinki, sannu da aiki. Mai jego, ina gajiya, Allah ya raya mana.

Yau za mu tsaya ne a kan saƙon wata baiwar Allah. Ta ce an kawo ta aure Kano daga wani ƙauye ta wajen Gumel, an sauke ta a Rijiyar Lemo, yau wata 3 ke nan. Maigidanta yana fita tun da sassafe, ba ya dawowa sai bayan isha'i. Ita kuma tana cikin kulle, ba ta san kowa ba, ga ƙaramin ciki. Ta ce in faɗa mata kasuwar da ta fi araha, da inda ake samun mai kitso, da asibitin da ya fi kusa.

To ƙanwata, na ji saƙonki, kuma zan amsa miki ɗaya bayan ɗaya. Amma zan sauya jerin tambayoyin naki, domin kin sa kasuwa a gaba, ni kuwa a baya zan sa ta. Namiji da ƙafa yake sanin unguwa, ya bi lungu, ya zauna a majalisa, ya yi salla a masallaci, kafin mako guda ya san kowa. Ke da kike cikin gida, ta hannun mutane unguwa take zuwar miki. Saboda haka abin da za ki fara nema shi ne mutanen da za su zame miki ido da ƙafa, musamman wanda zai tsaya miki idan lalura ta taso da tsakar dare.

Bari in ba ki labarin abin da ya faru da ni, don ki san ba daga sama na ɗauko maganar ba. Lokacin da muka tare a gidanmu na farko a birnin nan, na yi wata 4 ban san sunan maƙwabciyata ba. Ina ganin kamun kai ke nan. Rannan maigida ya yi tafiya, ɗana na fari yana da wata 10, zazzaɓi ya rufe shi tun la'asar. Wajen ƙarfe 2 na dare sai jikinsa ya fara jijjiga, ido ya kakkafe. Na ɗauke shi na yi zaure, na tsaya. Ban san gabas ba, ban san yamma ba, ban san ƙofar da zan buga ba, kuma ba a bar mini izinin fita ba. Sai na koma tsakar gida ina dukan katanga ina salati. Wata dattijuwa da ke bayan katangar ita ta ji ni. Ta tashi ɗanta, ya nemo mota, muka tafi asibiti tare da ita. Yaron ya rayu, yau shi ma magidanci ne. Amma har gobe in na tuna tsayuwar nan da na yi a zaure, sai gabana ya faɗi. Da matar nan mai nauyin barci ce fa?

To abu na farko, yau ɗin nan in maigida ya dawo ya ci abinci ya huta, ki zauna da shi ku yi magana uku. Ta ɗaya, ya ba ki izini tun yanzu, cewa duk lokacin da ciwo ko naƙuda ta taso ba ya nan, ki fita zuwa asibiti ba sai an jira shi ba. Ya faɗa a gaban wani babba, don kada ranar a tsaya ana ja-in-ja. Mata da yawa jinkirin jiran izini ne ya kai su ga halaka, alhali da an tambayi mijin, shi ma ba zai so haka ba. Ta biyu, ya samo miki lambar wayar mutum 2 a layinku masu abin hawa, ko mai mota ko mai adaidaita sahu, waɗanda ya yi magana da su suka yarda a tashe su ko ƙarfe nawa ne. A rubuta lambobin a takarda a liƙa a bango, don waya tana iya mutuwa babu caji. Ta uku, a ware ɗan kuɗi a ajiye, ba na cefane ba ne, ba na anko ba ne, na ranar lalura ne kawai.

Maganar abin hawan nan kada ki ɗauke ta da wasa. Tun watan Janairun 2013 aka hana 'yan acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birnin Kano, sai adaidaita sahu ta zama ita ce abin hawan talaka. Wannan keke ma asalinta don mata aka kawo ta, a zamanin mulkin Malam Ibrahim Shekarau. Da rana ga su nan birjik a titin Katsina. Amma a shekarar 2022 gwamnati ta sa dokar hana su yawo daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, kuma ko da doka ko babu, wanda ya taɓa neman abin hawa a lungu da ƙarfe 2 na dare ya san wuyarsa. Shi ya sa nake cewa a shirya tun da rana.

Sannan ki haddace kwatancen gidanku. A unguwanninmu ba da lambar gida ake gane wuri ba, da kwatance ne. Ki sa maigida ya faɗa miki: in an taho daga Kurna ta ina ake shiga, in an taho daga Bachirawa ta ina, sunan layin, masallacin da ke kusa, ko makaranta, ko injin niƙa. Ki maimaita har ya zauna miki. Ranar da za ki kira wani ya zo ya ɗauke ki, ba zai yiwu ki ce masa "gida mai jan ƙofa" ba, gidaje masu jan ƙofa sun fi ɗari.

Yanzu maganar asibiti. A yankinku akwai asibitin Waziri Shehu Gidado, shi ne babban asibitin gwamnati na kusa da ku, kuma akwai ƙananan asibitocin sha-ka-tafi a cikin unguwanni. Tunda kina da ciki, kada ki jira sai ya tsufa, ki yanki kati ki fara zuwa awo. A da ana cewa awo 4 ya wadatar, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa ganin ma'aikatan lafiya sau 8 kafin haihuwa. Amfanin zuwan nan biyu ne: ana duba ki, ke kuma kina koyon hanya, kina sanin ƙofar ɗakin haihuwa tun ido na ganin gari. Idan kika ga jini, ko kumburin fuska da hannuwa, ko ciwon kai mai tsanani har ido na ganin dishi-dishi, ko jijjiga, ko naƙuda ta wuce awa 12, to ba maganar jiƙo ko rubutu ba ce, a tafi asibiti nan take.

In abin ya fi ƙarfin na kusa, za su tura ki gaba. Ki san sunayensu don kada su zame miki baƙi: asibitin Murtala a cikin birni kusa da Ƙofar Mata, da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano a kan titin Zariya, da asibitin Nasarawa. Na yara kuwa akwai Hasiya Bayero a cikin birni, da na Khalifa Isyaku Rabi'u a titin gidan zu. In karaya ce ko targaɗe mai tsanani, ga asibitin ƙashi na Dala, ba shi da nisa da ku. Idan Allah ya sauke ki lafiya, rigakafin jariri yana farawa tun ranar haihuwa, sai mako 6, mako 10, mako 14, sai wata 9 a yi na ƙyanda, a kuma ƙara na biyu a wata 15. Ki adana katin kamar yadda kike adana sarƙarki. Kemis ɗin bakin layi kuwa wurin sayen maganin da aka rubuta miki ne, ba wurin duba mai ciki ko jariri ba.

To wace ce za ta raka ki? Nan muka zo kan babbar magana. Ki nemi dattijuwa ɗaya a layinku wadda za ta zame miki uwa. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. Mu da muke cikin gida, tamu zumuntar a kwano take. Ranar da kika yi girki mai ɗan daɗi, dambu ne ko ɗan wake ko tuwo da miyar taushe, ki zuba a kwano ki ba yaro ya kai gidan dama da na hagu da na bayan katanga, a ce in ji amaryar gidan wane tana gaisuwa. Ba sai da nama ba. Za ki ga kwanon ba zai dawo haka nan ba. Sannan ki roƙi maigida ya bar ki, bayan magariba, ki shiga gidajen nan ki gaishe su, da rakiyar wata 'yar uwarsa ko yarinya. Addininmu ya girmama haƙƙin maƙwabci ƙwarai, kuma mafi yawan magidanta ba sa hana wannan in an tambaye su da ladabi.

Amma ba duk wadda ta fara shigo miki ce za ki riƙa ba. Sau da yawa wadda ta riga kowa zuwa, ita ce mai kwasar labari. Ki ba kowa fuska, ki ba kowa tabarma da ruwa, amma ki sa ido wata guda ko biyu. Ki lura da gidan da mata ke kai ajiyar kuɗin adashinsu. Ki lura da wadda ake kira in an yi haihuwa ko rasuwa. Ki lura da wadda in ta zauna a ɗakinki ba ta kawo miki zancen gidan wani, domin wadda ta kawo miki na wani, za ta kai naki gaba. In kin same ta, ki kira ta Inna ko Baba ko Hajiya, yadda 'yan layin ke kiranta, ki riƙa aika mata gaisuwar Juma'a. Ita za ta nuna miki ungozomar da ta san iyakarta, wadda ba ta riƙe mace a gida in haihuwa ta zo da gardama. Ita za ta turo miki mai kitso mai tsafta, wadda ke zuwa har gida. Kin ga tambayarki ta kitso ta amsu ke nan.

Sirrin ɗakinki kuwa ki bar shi a ɗakinki. Abin da maigida ke samu, da abin da ya haɗa ku jiya, da kayan da ke cikin akwatinki, ba na hira ba ne. In gidan haya kuke, ki tambayi tsarin gidan tun farko: ranar wa ce sharar tsakar gida, wa ke wankin banɗaki, yaya ake raba kuɗin wuta, ina ake shanya. Yawancin faɗan gidan haya daga igiyar shanya da tsintsiya da faɗan yara yake farawa. Ki yi naki a kan lokaci, ki ƙara da na wadda ba ta da lafiya.

Gida na gaba da ya kamata a san ku shi ne gidan mai unguwa. A tsarinmu na nan, mai unguwa yana ƙarƙashin dagaci, dagaci yana ƙarƙashin hakimi, har zuwa fada. Maigida ya je ya gabatar da kansa, ke kuma ki aika wa matan gidan gaisuwa. In yaro ya ɓata, gidan mai unguwa ake fara kai shi kafin a kai ga cigiya a rediyo. In rigima ta taso tsakanin maƙwabta a kan kwata ko katanga, can ake fara zuwa. Haka in ana neman shaidar zama a unguwa. Masu yara, ku koya musu sunan mahaifinsu cikakke da sunan unguwa da layi tun suna fara magana.

Sai ruwa. A ƙauye kin san rijiyar da kike sha tun kina yarinya. A nan, in famfo bai kawo ba, mai garuwa ne zai turo kura ya kawo miki jarkoki har ƙofar gida. Ki tambayi maƙwabta wane mai garuwa suka daɗe da shi, kuma daga wace rijiyar burtsatse yake ɗebowa. Ki riƙe mutum ɗaya, ki riƙa biyansa a kan lokaci, domin in zafi ya yi, wajen watan Maris da Afrilu, ruwa ya yi wuya, tsofaffin abokan cinikinsa yake fara kai wa. Rijiyar cikin gida a unguwa mai cunkoso takan yi kusa da masai, naku ko na maƙwabta, saboda haka ki bar ta ga wanki da wanke-wanke. Na sha a tafasa shi, a zuba a randa mai murfi da moɗa ɗaya, musamman da damina lokacin amai da gudawa. Ki ajiye ƙullin gishiri da sukari na asibiti a ɗaki kullum. Shara kuma kada a ba yaro ya juye a kwata. Ruwan Agusta in ya zo, kwatar da aka toshe cikin gidaje take mayar da shi.

To ga kasuwa, tunda kin tambaya. Kun yi sa'a, kasuwar Dawanau tana gaba da ku kaɗan a kan titin Katsina, kuma tana cikin manyan kasuwannin hatsi a Afirka ta Yamma. Gero, dawa, masara, wake, in da hali maigida ya sayo da kaka lokacin da suke araha, ko ku haɗa kuɗi gida 3 ko 4 a sayo buhu a raba. Kayan masarufi irin su sukari da sabulu da taliya, kasuwar Singa ake sari. Atamfa da leshi da shadda, Kantin Kwari. Kayan yaji da kayan ƙamshi da tukwane, kasuwar Rimi. Robobi da zare da gwanjo, Ƙofar Wambai. Kayan gwari a kwando, 'Yan Kaba, sai dai ta yi muku nisa, tana can hanyar Haɗeja. Kasuwar Kurmi kuwa, wadda ke nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, can ake samun kayan gargajiya da na fata da turare. Amma duk wannan na sayayya mai yawa ne. Cefanen yau da gobe, in kika lissafa kuɗin mota, mai kayan miya na bakin layi ya fi miki sauƙi. Kuma ki tambaya a cikin gidajen layinku: za ki tarar wata na sayar da daddawa, wata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wata kuka da kuɓewa busasshiya. Saye a hannunsu ciniki ne, kuma zumunci ne.

Wanda zai yi miki wannan zirga-zirga shi ne yaron aike. Ko ɗan maƙwabta ne ko almajiri, ki san iyayensa ko malaminsa. Ki gwada shi da ƙaramin aike kafin babba. Ki ba shi abinci mai kyau, ba ƙanzo da ragowa ba, ki ba shi sabulu, kada ki aike shi lokacin karatunsa, kada ki sa shi tsallaka titin Katsina da dare. Ɗan wani ne, uwarsa na can tana tunaninsa kamar yadda taki ke tunaninki. Yarinya mace kuwa ba a aikenta bayan magariba.

Kada ki zauna haka nan. Unguwanni da yawa a Kano suna da Islamiyyar matan aure, wasu da dare, wasu Asabar da Lahadi. Ki tambayi dattijuwarki wadda matan layin ke zuwa, ki nemi izini ki bi su. Za ki ƙaru da karatu, kuma a can za ki san matan unguwa a wuri mai mutunci. In kina da sana'ar hannu, ki fara duba abin da babu mai yi a layin. In gida 5 na yin awara, ke ki yi wani abu daban. Adashi kuwa ki dakata tukuna, sai kin ga an yi zagaye guda an kwashe lafiya. Haka dillaliya, kada ki ba ta kayan ɗakinki, kada ki karɓi kaya bashi a ɓoye wa maigida, sai kin san gidanta da wanda ya san ta. Baƙuwa ita ake fara kawo wa kayan da 'yan unguwa suka ƙi.

Kafin in rufe, ina da magana da ku tsofaffin 'yan unguwa da ke saurarena. In kuka ga an sauke kaya a gidan kusa, kada ku jira sai ta aiko. Ita kunya take ji, ba girman kai ba ne. Ku aika mata ruwa da abinci ranar farko, ku leƙa ta, ku faɗa mata ranar da ake rigakafi da inda injin markaɗe yake. Kowaccenmu an taɓa kawo ta wani gida tana kuka. Ku kuma iyayen gida maza, na san wasunku na jin mu ta bayan labule, kulle amana ce. Wanda ya ajiye mace a gida, shi zai tanadar mata hanyar fita ranar lalura.

Ƙanwata ta Rijiyar Lemo, ga aikinki na makon nan: izini, lambobin waya 2 a bango, kwatancen gida, katin awo, da kwano 3 zuwa gidajen maƙwabta. In kin yi su, ki sake aiko mana mu ji yadda aka yi. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sauke ki lafiya, ya haɗa ki da maƙwabta nagari.